Ranar da Gajere Ya Ƙi Ba da Dariya

Shekara ashirin da biyu Anti Tela ta yi tana kula da suturar 'yan wasa a gidan talabijin, kuma babu abin da ba a sa ta haɗa ba. Ta ɗinka rigar da za ta yage da an ɗan ja ta, ta haɗa jinin ƙarya da jan kala da sikari, ta taɓa cusa wa wani siririn ɗan wasa matashin kai biyu ya wayi gari da tumbi. Amma ba a taɓa ce mata ta haɗa fitsari ba sai wata Litinin da Darakta ya leƙo ɗakinta da takardu a hannu.

Ɗakin nata yana can ƙarshen baranda, tsakanin sito da ɗakin kwalliya. Taga ɗaya gare shi, da keken ɗinki, da teburin guga, da sanduna uku na rataye kaya, sai wani dogon madubi da ya tsage a kusurwa. Darakta ya ture tarin riguna ya zauna a bakin teburin, ya yi mata bayani. A shirinsu mai dogon zango akwai wani tsohon magatakardan kotu, mafaɗaci, mai ji da kansa, wanda ke zaune a gidan 'yarsa. A kashi na goma sha bakwai 'yar za ta kai shi asibiti, ta bar shi a benci ta tafi neman fayil. Fitsari zai matse shi, banɗaki kuma ana wankewa, haka zai yi ta fama har abin ya kufce masa a gaban jama'a.

Sai ya zaro waya ya nuna mata abin da yake nufi. Gajerun bidiyoyi ne da aka yayyanko daga fina-finai da shirye-shirye na ƙasashe daban-daban: maza suna tsalle a ƙofar banɗaki, suna murɗe ƙafafu, suna zare ido, a ƙarshe wando ya jiƙe a saka ƙarar dariya. Ya nuna mata adadin waɗanda suka kalla, lamba ce da ita ba ta ma san yadda ake faɗarta ba. Ya ce irin wannan yake so, minti biyu kacal, a yanka a watsa, shirinsu ya shiga kowace waya. Kuma da yake Gajere, fitaccen ɗan wasan barkwanci, shi ne ke fitowa a matsayin tsohon, ai magana ta ƙare.

Anti Tela ta ce za ta haɗa. Amma ba ta yi dariya ba, Darakta kuma bai lura ba.

Abin da bai sani ba shi ne, a gida tana da nata tsohon. Mijinta direban bas ne da ya ajiye aiki, mutumin da a da yake bugun ƙirji cewa yakan yi awa shida a kan sitiyari bai tsaya ko sau ɗaya ba, fasinja su yi ta magiya. Tun bara ya canza. Ya daina shan shayin safe. Ya daina zuwa ko'ina da ya wuce tafiyar minti goma. In baƙi suka zo, kujerar da ta fi kusa da ƙofa yake zaɓa. Sau biyu ta tarar da wandonsa a wanke an shanya a bayan tankin ruwa, shi da ko hankici bai taɓa wankewa ba tun da ta san shi. Ba ta tambaya ba. Shekara talatin da aure, amma akwai maganar da ta rasa ta wace ƙofa za ta shiga.

Aiki dai aiki ne. Ta yanko ƙyallaye ta jera a teburin guga, ta riƙa ɗiga musu ruwa tana kallo. Baƙi ba ya nuna jiƙa. Fari yana nunawa har ya wuce kima. Ruwan toka shi ne daidai: yakan yi duhu a hankali, ya riƙa yaɗuwa ido na gani. Ta ɗinka wando uku iri ɗaya, don ba a san sau nawa za a ɗauka ba. Ta samo ledar ƙarin ruwa irin ta asibiti da siririn bututunta, ta yi mata aljihu a wata ɗamara da za a ɗaura ƙarƙashin riga, ta bi da bututun ta cikin wandon, ta ajiye ɗan makunnin a inda za ta iya murzawa kafin a fara.

Ranar Laraba Gajere ya zo gwaji. Sunan zolaya ne, domin sai ya sunkuya yake shiga ƙofarta. Shekara arba'in yana ba mutane dariya, har ta kai ko gaisuwar rasuwa ya je sai an sunkuyar da kai ana cije leɓe, alhali shi bai ce komai ba. Gashinsa ya yi fari tas, amma girarsa har yanzu kowace da inda take nufa. Ya shigo yana tsokanarta, wai ya ji an naɗa ta shugabar hukumar ruwa. Ya sa wandon, ya juya gaban madubi, ya ce ko ranar aurensa bai samu ɗinki irin wannan ba, ashe sai da za a lalata shi.

Daga nan sai ya zauna yana jujjuya bututun a hannu. Ya roƙe ta abu uku: ruwan ya zama mai ɗumi, bututun ya fi haka siranta, makunnin kuma a mayar da shi aljihunsa, shi zai murza da kansa. Ta tambaye shi dalili. Ya ce safiya uku ke nan yana zuwa asibiti, ya ja hula ya sa takunkumi don kada a gane shi, ya zauna a layin da dattawa masu irin wannan lalura ke jira.

"Ƙanwata, ban ga ko ɗaya yana tsalle ba," in ji shi. "Wanda abin ya matsa da gaske, ko numfashi a hankali yake ja."

Anti Tela ta sunkuya tana neman almakashi, alhali yana hannunta.

An yi ɗaukar ranar Alhamis da hantsi. Barandar ƙasa aka mayar asibiti: benci uku, agogon bango, hotunan wanke hannu, da bokiti da tsumman goge ƙasa a ƙofar banɗaki. An kawo mutum goma sha biyu na cike benci, waɗanda aikinsu kawai su zauna su yi kamar marasa lafiya. Cikinsu har da wani dattijo mai tabarau da ake ce wa Ticha, tsohon malamin makaranta, wanda yakan zo irin wannan don zaman gida ya ishe shi. Shi aka zaunar kusa da Gajere, aka ba shi jarida ya riƙe.

Ɗaukar farko yadda Darakta ya so aka yi. Gajere ya murɗe, ya miƙe, ya zauna, ya bubbuga ƙofar banɗaki da goshi, ya yi wata irin tafiya kamar agwagwa ta taka wuta. Mai kyamara ya yi ta dariya har hoton na rawa, mai sauti ya cire abin kunnensa ya duƙa. Ita kanta Anti Tela sai da ta dara, don Gajere in ya so sai ka yi, ko kana ciwon haƙori. Darakta ya tafa ya ce an gama, wannan ta isa.

Gajere ya je ya sake wando, ya dawo ya ja Darakta gefe. Anti Tela tana kusa tana cika leda ta biyu, ta ji yana cewa a ba shi ɗauka ɗaya tasa, in ba ta yi ba a goge. Darakta ya dubi agogo, ya dubi furfurar da ke gabansa, ya ce to, tunda akwai sauran wando.

Aka sake jera mutane. Aka ce a fara.

Gajere ya zauna a benci, katin asibiti a hannu, bai yi komai ba. Anti Tela ta ɗauka ya manta ne. Sai ta lura da takalminsa: yatsun ƙafarsa na motsi a ciki, fatar takalmin na ɗagawa tana sauka. Ya dubi ƙofar banɗaki. Ya dubi agogo. Ya dubi hanyar da 'yarsa ta bi. Bai bar idonsa ya daɗe a ko'ina ba, don kada wani ya gane.

Ya tashi a hankali ya je wurin matar da ke fitowa a matsayin mai shara, ya tambaye ta cikin ladabi ko da saura da yawa. Ta ce yanzun nan, Baba. Ya yi mata godiya. Wannan tsohon da a kashi goma sha shida babu wanda bai zaga ba, yau shi ke godiya da murya ƙasa-ƙasa. Ya dawo da gajerun taku, kafaɗa a tsaye, kamar mai ɗauke da kwano cike fal a ka. Ya zauna a bakin bencin, rabin jiki a waje.

Zufa ta keto masa a saman leɓe. Daga baya mai kwalliya ta rantse ba ita ta fesa ba. Leɓɓansa suka fara motsi, Anti Tela ta bi idonsa, ta gane tayil ɗin ƙasa yake ƙirgawa. Wata mata ta zo wucewa ta gaishe shi kamar yadda aka rubuta. Ya amsa mata gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi mutanen gida, ya yi mata ya jiki, bai yanke ko kalma ɗaya ba, jijiyar wuyansa kuwa kamar za ta tsinke.

Sai fuskarsa ta tsaya cak, kamar mai sauraron kira daga nesa. Babu wanda ya ga hannunsa ya motsa a aljihu. Kawai kafaɗunsa ne suka sauka, sauƙi da kunya suka zo masa a numfashi ɗaya, suka rasa wanda zai ba wani hanya. Duhun ya fara daga cinya, ya gangara gwiwa, ya bi ƙwauri. A cikin shirun da aka yi har ɗigarsa a tayil ana ji.

Anti Tela ita ta dafa ruwan nan a butar lantarki, ita ta sirka shi, ita ta ɗura da hannunta. Duk da haka sai ta samu kanta ta kawar da kai, kamar yadda za ta yi in mahaifinta ne. Da ta sake ɗagowa, ta ga ya ɗora katin asibitin a cinyarsa. Katin bai fi tafin hannu ba. Ya dafe shi da hannu biyu yana kallon gabansa, yana gyara masa zama, kamar akwai yadda za a ajiye shi ya rufe komai.

A rubuce, nan ne mutanen benci za su toshe hanci su watse. Babu wanda ya motsa. Sai Ticha ya gyara tabarau, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Gajere, ya buɗe jaridar gaba ɗaya ya shimfiɗa ta a kan gwiwoyinsu su biyu. Ya sauke jakarsa ƙasa daidai inda ruwan ya taru. Sannan ya ɗora yatsa a wani layi.

"Malam, taimaka ka karanta min nan," in ji shi. "Idon nawa ya gaji."

Wannan ba ya cikin labari. Anti Tela ta ga Darakta ya ɗaga hannu zai tsayar, hannun ya tsaya a sama. Gajere ya juyo ya dubi dattijon, kallo mai tsawo. Sai ya sunkuya ya fara karantawa. Labarin gyaran wata gada ne. Muryar na rawa a layin farko, ta sarƙe a na biyu, zuwa na huɗu ta fara samun ƙafa. Ticha na gyaɗa kai yana cewa ikon Allah, ashe har sun fara aikin.

Mai fitowa a matsayin 'yar ta dawo da fayil a hannu. Ita ma an rubuta mata ta yi kururuwa ta ce Baba ka kashe ni. Ta tsaya, ta ga jaridar, ta ga takalmin. Ta zo ta zauna a ɗaya gefen, ta jingina kafaɗarta da tasa, ta bar shi ya kai ƙarshen sakin layin.

Ba a san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Mai kyamara ya ce shi dai ya san bai ƙifta ba. A ƙarshe Darakta ya sauke hannu, ya ce ya isa, da wata murya da ba a san shi da ita ba. Ba a tafa ba. Mai shara ta labarin tana tsaye rungume da sandar goge ƙasa, hawaye na bin fuskarta.

Ticha ne ya fara magana, kuma haƙuri ya shiga bayarwa, wai ya ɓata musu aiki. Ya ce ya san wasa ne, tun safe yana ganin ledar, amma hannunsa ne ya riga shi. Shekara biyu da suka wuce abin ya same shi a cikin bas, ga ɗalibansa na da a kujerar baya, kuma ranar babu mai jarida a kusa. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin wani. Gajere ya miƙe da tsayinsa duka, ya kama hannun dattijon da hannu biyu, ya rusuna. Sun jima a haka. Sai ya waiwayo ya ɗaga gira ɗaya ya ce Tela ta cece shi, ruwanta ya huce, sanyi zai kama tsoho. Nan ne mutane suka samu suka yi dariya, dariyar da rabinta ajiyar zuciya ce.

Da ta karɓi wandon za ta jiƙa a bokiti, ta daɗe tana riƙe da shi. Yadi ne da ta sani, ɗinki ne nata, ruwa ne na famfo. Ta rasa ta ina mutumin ya shigo da sauran.

Kwana biyu ana gardama a ɗakin tace hoto. Wasu suka ce mutane dariya suke nema wurin Gajere, in aka ba su wannan za su canza tasha. Darakta ya kalli ɗaukar biyun ya fi a ƙirga. An ce a ƙarshe ya ce ta farkon kowa zai iya yi, ta biyun kuwa ko shi Gajeren aka ce ya sake ba zai iya ba. Ita aka saka, ba a rage ko daƙiƙa ba, ba a ɗora mata kiɗa ba.

Aka nuna ranar Lahadi da yamma. Anti Tela ta so ta ƙirƙiri aiki a kicin, amma mijinta ba ya wasa da shirin Gajere, ya riga ya kira ta. Suka zauna a falo, shi a kujerarsa ta kusa da ƙofa. Da Gajere ya bayyana, mijin ya fara murmushi tun kafin a ce komai. Murmushin ya riƙa raguwa. Lokacin da tsohon ke ƙirga tayil, ta saci kallon mijinta, ta ga hannunsa ya damƙe hannun kujera. Da aka zo wurin katin, mijin bai ko motsa ba. Da jaridar ta buɗe, sai ya fitar da wani dogon numfashi ta hanci.

Aka shiga talla. Ya tashi ya shiga banɗaki, ya jima, ya dawo ya zauna.

"Wa ya gaya masa?" ya tambaya, idonsa a kan talabijin.

"Babu wanda ya gaya masa, Malam."

"Ke kika ɗinka wandon?"

Ta ce ita ce. Ya gyaɗa kai.

Kafin gari ya waye an yanke wurin an watsa a waya. Akwai waɗanda suka ɗora masa ƙarar dariya kamar sauran, amma abin ya ƙi zama, kamar an sa wa mai takaba kiɗa. A ƙarƙashin bidiyon mutane suka yi ta rubutu. Wani ya ce ya zo ne ya yi dariya, ya ƙare da kiran mahaifinsa. Wata ta ce shekara uku tana yi wa kakanta faɗa a kan zanin gado. Da yawa tambaya ɗaya suke yi, wane ne dattijon nan mai jarida, kuma babu wanda ya yarda cewa ba a rubuta masa ba.

Ranar Laraba da safe Anti Tela ta fito da shirin aiki ta tarar da mijinta a zaune ya sa takalmi. Ya ce ta nemi izini a wurin aiki, asibiti za ta raka shi. A hanya ya gaya mata komai, yana kallon titi: tun yaushe, sau nawa, da ranar da abin ya same shi a layin kanti ya dawo gida ta bayan layi. Ta ce ta sani. Ya ce ya san ta sani. Likita ya duba, ya yi gwaje-gwaje, ya ce wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara da takan kumbura wa maza da yawa in shekaru sun ja, kuma tasa ba ta mugun iri ba ce. Ya yi masa faɗan jinkiri, ya rubuta magani. Maganin bai mayar da shi direban awa shida ba, amma ya sassauta ƙwarai.

Bayan kamar wata guda ya ce yana so ya ga mutumin nan ido da ido. Ta zo da shi wurin aiki. Suka tarar ana ɗaukar wani kashi a harabar: Gajere da bokiti kife a ka, ƙafa ɗaya babu takalmi, yana gudu mai shara na bin sa da tsintsiya, ma'aikata na kwance don dariya. Mijin ya tsaya da hannu a baya yana kallo.

"Wannan ɗin ne?"

"Shi ne."

Ya girgiza kai a hankali ya ce Allah mai baiwa.

Da aka tashi, Gajere ya sunkuyo ya shigo ɗakinta yana share zufa. Ta gabatar da su, suka gaisa kamar sun san juna. Ta ga mijinta na jujjuya hula a hannu, sai ta kwashi riguna da dutsen guga ta fita baranda, ta ja musu ƙofa. Da farko ba ta ji komai ba sai ƙasa-ƙasar muryar mijinta, mai tsawo, ba a katse shi. Ta goge riga huɗu. Can sai ta ji Gajere ya faɗi wani abu, mijinta ya fashe da dariya har da tari. Ba ta taɓa tambayar ko ɗayansu abin da aka faɗa ba. Tana cikin naɗe riga ta biyar aka leƙo daga sama aka ce Darakta na nemanta, wai kwat ɗin alƙali ta yi wa sabon ɗan wasa kaɗan.